Shafin da Na Goge a Jibiya

Ranar Laraba ce a tsakiyar watan Sha'aban, shekara shida ke nan, da ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin na safe. Mu uku ne a ɗakin: ni, da Malam Sani mai kula da sikana, wato na'urar ɗaukar hoton takardu, da Madam Rifkatu shugabar aikinmu. Na fara da lokaci da shaidu ne saboda na yi shekaru ina fassara labarai a gidan rediyo, inda aka hore mu kada mu faɗi abin da ba mu tabbatar ba. Abin da zan ba ku, wallahi tallahi, a kaina ya faru, ido biyu, fanka na juyawa, manyan motoci na ta hon a waje suna jiran a ɗage musu shinge su wuce Maraɗi.

Wani kamfani ne ya samu kwangilar kwashe tsofaffin takardun wani ofishi da ke bakin iyaka, a Magamar Jibiya, ya zuba su a kwamfuta. Yawancinsu katunan matafiya ne, irin wanda ake cike wa mai tafiya mai nisa: suna, da gari, da inda za shi, da ɗan hoto a kusurwa, da hatimi. Kwali-kwali ne jibge har rufi, wasu gara ta ci, wasu ruwan damina ya taɓa.

Ga yadda aikin yake, don sai kun gane shi za ku gane kuskurena. Malam Sani zai ƙirga kati hamsin, ya ɗora musu rawayar takarda mai lamba, wannan shi ne ɗauri ɗaya, ya zuba a sikana. Ita kuma sikanar gaba da baya take ɗauka, saboda haka kowane ɗauri hoto ɗari yake zuwa mini a allo. Ni ne mai fihirisa, wato mai rubuta wa kowane hoto suna da kwanan wata da inda mai katin ya nufa, yadda duk ranar da aka neme shi za a same shi. Amma kafin in fara rubutu sai na bi bayan katunan na goge su, domin fari ne fat, babu komai, kuma wurin ajiyar kwamfutarmu kaɗan ne, ga rashin ƙarfin intanet. An saita manhajar yadda abin da aka goge ya tafi ke nan, babu kwandon da za a koma a tsinto shi. Farin shafi ya fito, in danna, wani ya fito, in danna. Wata huɗu ina wannan, har yatsana ya daina jiran idona.

Malam Sani yakan tsokane ni. "Mai labarai, wannan yatsa naka ya fi bakinka sauri. Da haka kake karanta labaran duniya, da minti biyu ka gama an sa kiɗa."

Ni kuma in ce, "Kai dai ka iya ƙirga hamsin tukuna, jiya arba'in da tara ka kawo mini."

Sai in ɗan koma baya in gaya muku halin da gidanmu yake ciki a lokacin. Mu mutanen Bugaje ne. Mu biyu mahaifiyarmu ta haifa maza, ni da yayana Lawal. Shi bai yi boko ba, allo ya yi, kuma gyaran injin ban ruwa ne sana'arsa. Shekara goma sha ɗaya kafin ranar da nake ba ku labari, ya yi wa Inna sallama ya ce za shi Legas neman aiki, zai dawo kafin shuka. Bai dawo ba. Babu waya, babu saƙo, babu wanda ya ce ya gan shi. Na je Legas sau biyu, na bi unguwannin Hausawa da hotonsa a aljihu, na sa an yi cigiyarsa a rediyon da nake aiki, ni da kaina na karanta sanarwar, muryata ba ta ko girgiza ba. Shiru.

Da zaman ƙauye ya fara wuya, tsaro ya taɓarɓare, mutane suka yi ta kwashe iyalansu zuwa cikin gari, na kama wa Inna ɗaki a Jibiya kusa da ni. Ga ta da hawan jini, ga asibiti da nisa. Ta ƙi. Maganarta ɗaya ce: in Lawal ya dawo ya iske gida a rufe, ina zai neme ta? Shekara uku ina lallashi. Na kai mata kawunmu, na kai mata limamin unguwa. Sai a farkon wannan Sha'aban ɗin ta sauko, ta ce to, ta haƙura, in na ga watan azumi ya kama in zo da mota. Har ta ƙulle kwanukanta a buhu, ta ba maƙwabciya awakinta biyu riƙo. Kwana goma sha biyar suka rage.

To, ranar Larabar nan Madam Rifkatu tana tsaye a bayana da kofin shayi, tana duba yadda nake aiki kamar yadda takan yi sau ɗaya a mako. Ina cikin goge fararen shafuka, danna, danna, danna, sai wani shafi ya fito wanda ba fari ba ne. Rubutun ajami ne da shuɗin biro, layi-layi, ya ɗan karkata zuwa ƙasa ta hagu. Idona ya kama farkon layin farko. Kalma uku na karanta: "Inna, ina nan". Kafin in kai ta huɗu yatsana ya riga ya sauka. Shafin ya tafi, wani fari ya maye gurbinsa.

Madam ta ce, "Kai! Me ka yi? Akwai rubutu a wancan!"

Ni kuwa na san hannun. Duk wanda ya tashi ɗaki ɗaya da mutum ya san rubutunsa kamar yadda ya san tarinsa. Yaya Lawal ne yake karkata layi haka, tun muna yara malam yake dukan hannunsa a kai. Na koma baya hoto ɗaya, in ga gaban katin da na goge wa baya. Sai ga fuskarsa. Da hular da ya fita da ita, da tabon da ke gefen girarsa. Sunansa, sunan mahaifinmu, Bugaje. A gurbin inda za shi an rubuta Agadas. Kwanan watan kuwa washegarin ranar da ya yi wa Inna sallama ne. Ashe duk shekarun da nake yawo a Legas, ta nan ya fita, ta ƙofar da nake gani ta taga kullum.

Na ce, "Malam Sani, ɗauko mini ɗaurin nan." Ya ga fuskata, bai yi wasa ba. Ya zaro katin, na ashirin da bakwai a ɗaurin, ya miƙo mini. Na juya shi.

Fari fat. Babu ko ɗigon tawada.

Mun ɗaga shi a hasken taga. Mun haska shi da fitilar waya ta gefe, ko za a ga shatar biro. Malam Sani ya sake sa shi a sikana sau biyar, ya buɗe ta ya goge gilashin, ya duba ko wata takarda ta maƙale a ciki. Mun juya katunan ɗaurin hamsin ɗaya bayan ɗaya, da na gabansa da na bayansa, muka zazzage kwalin gaba ɗaya a ƙasa. Babu ajami ko a ɗaya.

Malam Sani ya ce a hankali, "Ko dai idonka ne, Malam? Mutum in ya daɗe da abu a rai..."

Madam Rifkatu ta katse shi. "Sani, ni ma ɗan'uwana ne? Ni ban iya karanta rubutunku ba, amma na iya ƙirga. Layi huɗu ne da rabi. Shuɗi ne, kuma yana ƙyalli kamar yanzu aka ɗaga biro. Na rantse da Allahn da nake bauta wa."

Ita ce ta kira injiniyan kamfanin daga Katsina. Ya zo ranar Juma'a da safe, ya yi awa uku a kan kwamfutar, ya ce hoton ba zai dawo ba, haka aka saita ta. Abu ɗaya ya iya nuna mana: manhajar tana rubuta nauyin kowane hoto da aka goge. Fararen shafukan duk nauyinsu kusan ɗaya ne. Wannan guda ɗaya ya ninka su sau da yawa. Ya ce, "Akwai abin da ke kansa, wannan ba shakka. Mene ne, ban sani ba." Ya tattara wayoyinsa ya tafi masallaci.

Jama'a, layi huɗu da rabi. Na samu kalma uku. Ina nan a ina? Ina nan lafiya? Ina nan tafe? Ko ina nan kwance a inda ba za ku same ni ba, ku yi mini addu'a ku haƙura? Duk amsar da muka yi shekara goma sha ɗaya muna nema ta tsaya a gabana, ni da aka ɗauka aiki don in adana takardun mutane, na share ta da yatsa ɗaya.

Kuskure na biyu kuwa da hankalina na yi shi. Madam Rifkatu ta ja ni gefe ta ce, "Ƙanena, ka ji shawarata. Kada ka gaya wa Mama yanzu. Ka kawo ta gari tukuna, ta zauna, ta saba. Bayan Sallah sai ka faɗa mata." Na ce to. Amma na kwana biyu abin yana cina. Ina ganin saƙo ne da sunanta a kai, na riga na cinye kashi mafi yawa, ba ni da ikon riƙe sauran. Ranar Asabar na hau babur na tafi Bugaje.

Na same ta a tsakar gida tana tsince wake, buhunan kayanta jingine da bango. Na gaya mata komai yadda ya faru, ban ƙara ba, ban rage ba. Na nuna mata hoton gaban katin a wayata. Ta riƙe wayar da hannu biyu, ta daɗe tana kallo, ta shafa fuskarsa da babban yatsa har hoton ya matsa, ta firgita, na dawo mata da shi.

Ta ce, "Mi ya ce? Sake faɗa mani."

Na ce, "Inna, ina nan."

"Sai mi?"

"Sauran ban gani ba, Inna. Na goge."

Na zaci za ta yi kuka, ko ta yi mini faɗa, kuma wallahi da ta yi da na fi samun sauƙi. Sai ta miƙo mini wayar, ta ce, "Kada ka sa ma ranka damuwa, auta. Sauran shi zai taho ya faɗa mani da bakinai." Ta tashi, ta jawo buhun farko, ta kwance bakinsa, ta fara fito da kwanuka tana jera su a inda suke da.

Na durƙusa na roƙe ta. Na ce Inna, ba mu san ma'anar maganar ba, ba mu san yaushe aka rubuta ta ba, ba mu ma san ko mutum ne ya rubuta ba. Ta ce, "Yaro ya ce yana nan, ni kuma in tashi? Je ka amso mani awakina."

Na kai maganar wurin malamai biyu. Ɗaya ya ce in yi ta sadaka in bar bincike. Ɗayan ya ce Allah Yana nuna wa bawa abin da Ya ga dama, gwargwadon da Ya ga dama. Na bi direbobin Agadas da hoton katin, har wani tsohon jami'in duwan, wato kwastan, na wancan ɓangaren iyakar ya taimaka mini da tambaya. Babu wanda ya tuna shi. Na ƙarasa watanni biyar da suka rage na kwangilar, amma ban ƙara goge shafi ba sai na ɗauke hannuna daga maɓalli na kalle shi sama da ƙasa. Aikina ya yi ta ja da baya, Madam ba ta taɓa yi mini magana a kai ba. Wani lokaci in juyo in ga ita ma allon take kallo. Babu abin da ya sake fitowa.

Ban san abin da na gani ba, kuma ba zan ƙaƙaba muku fassarar da ni kaina ban da ita ba. Abin da zan ce kawai, ku masu aiki da takardun mutane, a ofis ko a asibiti ko a kotu, kada ku bari hannunku ya saba har ya riga idonku. Kowace takarda ta wani ce, kuma wataƙila akwai mai jiran ta. In kuma saƙo ya zo muku rabi, ku yi tunani sosai kafin ku isar da shi ga wanda zuciyarsa za ta cike sauran.

Inna ba ta bar Bugaje ba. A damina ta biyu bayan wannan jininta ya hau da hantsi, ruwa ya cinye hanya, motar da na turo ba ta iso ba sai bayan Azahar. An yi jana'izarta da La'asar. Har ranar da nake wannan rubutu, babu wanda ya ji labarin Yaya Lawal.