Maman Ofis Da Dogon Hutun Da Ba Ta Taɓa Yi Ba

Ƙarfe bakwai saura kwata take sauka daga motar haya a ƙofar makaranta, jaka a kafaɗa, filas ɗin shayi a hannu. Ta gaisa da maigadi, ta tambaye shi ya ƙafarsa mai ciwo, ta wuce ɗan ofishinta da ke manne da na shugaban makaranta. Kafin ta zauna sai ta buɗe tagogi, ta kakkaɓe tebur, ta yaye ƙyallen da take rufe tafireta da shi. Sannan ta bi durowoyin ƙarfe guda shida tana jan hannun kowacce, ta tabbatar a kulle suke yadda ta bar su. A cikinsu akwai fayil ɗin duk ɗalibin da ya taɓa zama a kan bencin makarantarmu. Lokacin da mu malamai muke shigowa muna hamma, ita ta riga ta buga sanarwar ranar ta liƙa a allo. Shekara talatin da ɗaya ta yi a haka. Yara ne suka sa mata Maman Ofis, mu ma muka bi bakinsu.

A ƙarshen zangon da ya wuce ta ajiye aiki, saura shekara huɗu lokacinta ya cika. Ta ce ba ta son taro, ba a kuwa yi ba. Amma akwai maganar da ta tsaya wa yawancinmu a maƙoshi, gara a faɗe ta tun tana ji da kunnenta.

Malamin lissafi, wanda ya fi kowa daɗewa tare da ita, yana da labarin da ba ya gajiya da bayarwa. Wata rana wani magidanci ya shigo ofis a firgice. Gobara ta cinye masa takardu, ga shi an ba shi kwana uku ya kawo shaidar ya gama makaranta, ko aikin da ya samu ya suɓuce masa. Shekararsa goma sha tara da barin wurin, ko lambarsa bai iya tunawa ba. Maman Ofis ta dube shi ta saman tabarau, ta tambaye shi ko ba shi ne ya karye a hannu a filin ƙwallo yana aji uku ba, har aka riƙa rubuta masa jarrabawa. Mutumin ya zauna a ƙasa don mamaki. Ta buɗe durowa ta huɗu, ta sa yatsu, ta zaro fayil ɗinsa kamar jiya ta ajiye shi. Malamin lissafi ya ce da idonsa ya ga ƙaton mutum yana share hawaye da bakin riga.

In dogon hutu ya zo, mu mukan watse kamar an jefa dutse cikin tsuntsaye. Mai tafiya garinsu ya tafi, mai barci ya ja bargo. Ita kuwa a lokacin aikinta ke kankama: sakamakon jarrabawa, takardun masu sauya makaranta, jerin sunayen sababbin ɗalibai. Da hannunta take buga wa kowa takardar hutunsa, tata ce kawai ba ta taɓa bugawa ba. Tsohon shugaban makaranta yakan ce mata baɗi in Allah ya kai mu za ta huta, ta yi dariya ta ce Allah ya kai mu. Baɗin nan ta zo sau talatin. Maigidanta, wanda tela ne mai barkwanci, yakan gaya wa abokansa cewa in yana son ganin matarsa da rana sai ya cika fom ya jira sa hannun hedimasta.

A cikin irin wannan hutun ne iska ta yaye rufin ofis wata shekara, ruwan sama ya riƙa zuba kamar da bakin ƙwarya. Ba kowa a makarantar sai ita da maigadi. Su biyu suka kwashe fayil-fayil zuwa ajin da ke kusa, ita tana rungumo su a ƙirji, ta lulluɓe su da mayafinta. Da muka dawo muka tarar da takardu shanye a kan bencuna, ko ɗaya bai ɓata ba. Muka yaba, muka tafa mata a taron malamai. Babu wanda ya tambayi dalilin da ya sa kullum ita kaɗai ke nan.

Abin da ya fi ci mana rai yanzu shi ne, babu wanda ya kai ta yi wa mutane faɗa a kan hutu. Ranar rufe makaranta takan tsaya a ƙofar ɗakin malamai tana bin mu ɗaya ɗaya: wannan ya je a auna masa jini, wancan ya rage shan shayi mai sukari, waccan ta kai yara su ga kakarsu. Mukan kira shi wa'azin Maman Ofis. Malamar kimiyya ta taɓa dawowa a tsakiyar hutu don ta ƙarasa duba takardun jarrabawa, mako biyu kacal bayan an sallame ta daga asibiti. Maman Ofis ta karɓe takardun, ta jefa a durowa, ta murza makulli, ta sa shi a jaka.

"Ƙanwata, lafiya uwar jiki," ta ce mata. "Koma gida ki kwanta, ki kashe wayar nan. Takarda ba ta da ƙafa, nan za ki same ta."

Malamar ta koma gida tana ƙunƙuni, yau kuwa ita ce ta fi kowa yi mata addu'a.

Ke ce, Mama, kika san ranar haihuwar yaran da iyayensu suka manta. Ke ce kika rufa asirin sabon malamin da ya ɓatar da rajistar ajinsa, kika zauna da shi kuka sake ta daga farko ba tare da shugaba ya ji ba. Inuwar da kowa ya zauna a ƙarƙashinta, ba wanda ya ɗaga kai ya duba ganyenta.

Bara ne abubuwa suka sauya. Aka haɗe makarantarmu da wata da ke maƙwabtaka da mu, tsohon shugaba ya yi ritaya, aka kawo sabuwar shugaba, mace mai zafin nama wadda ba ta son a ce gobe. A taronta na farko ta sanar cewa kafin a dawo daga dogon hutu, dole bayanan kowane ɗalibi na makarantun biyu su shiga kwamfuta. Ofishin Maman Ofis za a faɗaɗa shi ya zama ɗakin baƙi, ita da durowoyinta za su koma wani ɗaki a bayan ɗakin karatu, mai taga ɗaya. Sai kuma raɗe-raɗi ya tashi cewa tunda ɗaya makarantar ma tana da nata akawun, wanda ya iya kwamfuta, ba za a riƙe biyu ba. Wani daga cikinmu, a ɗakin malamai, ya ce ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Bai san Maman Ofis tana bayan ƙofa da tarin takardu ba. Ta ajiye su ta fita.

Ranar da ma'aikata suka zo ɗaukar tafiretar, ta tsaya tana kallo har suka sha kwana. Daga baya ta gaya wa 'yarta cewa a ranar ta ji kamar ita aka ɗauka za a kai sito. Tsoron rasa albashi bai dame ta kamar tsoron a ce ta zama tsohon kaya ba, a wurin da ta san kowace ƙusa ta jikin bangonsa.

A yi wa sabuwar shugaba adalci. Ta kira Maman Ofis, ta ce ta duba takardu ta ga ba ta taɓa tafiya hutu ba, don haka ta tafi bana, za a ɗauko masu yin irin wannan aiki daga waje su shigar da bayanan. Maman Ofis ta ji maganar da wani kunne daban. Ta ɗauka sallama ce aka naɗe a cikin ladabi. Ta yi godiya, ta ce baƙo ba zai iya bambance yara uku masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya ba, ita za ta yi. Shugaba ta ga ta dage, ga lokaci yana ƙurewa, sai ta ƙyale ta.

Abin da shugaba ba ta sani ba, mu ma ba mu sani ba, shi ne a makon farko na hutun 'yarta ta ja ta zuwa wurin likitan ido, saboda ta lura tana yawan murza idon hagu, tana kuma juyo da kai gaba ɗaya in za ta kalli gefe. Likita ya auna, ya ce ruwan cikin idon ya yi yawa yana danne jijiyar gani, kuma abin da ya mutu a jijiyar ba ya dawowa. Ya ba ta maganin ɗigawa, ya rubuta mata ranar da za ta dawo a yi mata aiki, nan da mako biyu. Ta karɓi takardar, ta ninke ta, ta ce wa 'yar za ta je da zarar ta ga bayan wannan aikin. 'Yar ta yi kuka, maigidan ya yi lallashi, har ya daina barkwanci. Ta ce musu shekara talatin ba ta taɓa barin aiki a rabi ba, ba za ta fara a lokacin da ake jiran ta gaza ba.

Mako bakwai ta yi a ɗakin nan mai taga ɗaya. Akawun ɗaya makarantar, mutumin kirki ne ashe, ya nuna mata yadda ake yi a kwana uku, kafin ya tafi nasa hutun. Da yatsu biyu ta fara, tana neman haruffa, tana gogewa tana sakewa. Kafin mako na uku hannunta ya faɗa. Maigadi ya ce yakan leƙa ya gan ta ta kusa manna fuska da allon kwamfutar, ta rufe ido ɗaya da tafin hannu. In ya yi magana ta ce hasken ne ya yi mata yawa. Ranar da likita ya sa ta zo ta wuce, tana kan sunayen 'yan aji biyu.

Aka dawo hutu aka tarar da komai ya kammala. Ɗalibi dubu biyu da ɗoriya, ba a samu kuskuren suna ko ɗaya ba. Shugaba ta yaba mata a gaban kowa, ta kuma faɗa a fili cewa ba a taɓa shirin sallamar kowa ba, akawu biyu makarantar ke buƙata. Maman Ofis ta sunkuyar da kai. Mu muka ɗauka kunya ce.

A mako na biyu da dawowa malamin lissafi ya shiga wurinta karɓar takarda, ya ga tana tsiyaya shayi a gefen kofi, yana malala a kan tebur, ba ta sani ba. Da ta miƙe ta nemo tsumma sai ta bugi gefen ƙofa da kafaɗa. Bai tsaya neman izini ba, ya kira 'yarta. Da aka kai ta, likita ya ce idon hagu ya tafi. Na dama za a iya ceto abin da ya rage, in ta rabu da allon kwamfuta da ƙananan rubutu. Ta lallaɓa zango biyu ana karanta mata tana faɗin inda komai yake, sannan ta miƙa makullan.

Da wannan dogon hutun ya ƙarato, mu biyar muka je gaishe ta, har da shugaba. Muka same ta a tsakar gida a kan kujera, jikokinta suna rigima a kan wa zai riƙe mata hannu, ƙarar keken ɗinkin maigidan tana fitowa daga shago. Ta gane kowa da muryarsa kafin ya matso. Shugaba ta fara ba ta haƙuri, ta ce da ta san da takardar likitan nan da ta sa an kulle ƙofar makarantar. Maman Ofis ta girgiza kai.

"Ranki ya daɗe, kin ce in tafi, ni na ƙi. Na ji tsoro, maimakon in tambaye ki gaskiyar magana sai na ƙulla abin a raina. Da na buɗe baki na minti biyar, da yau ina ganinku da ido biyu."

Malamar kimiyya ta juya tana gyara mayafi. Da na sani ƙeya ce, kuma kowannenmu yana da tasa. Shekara da shekaru muna miƙa mata takardun hutunmu ta buga, ba a samu mutum ɗaya da ya ce, Mama, ina taki ba. Mun ga tana murza ido muka ce gajiya ce. Mun ji raɗe-raɗin kora muka ƙara masa gishiri.

Mama, mun gode. Mun gode da sunayen da kika tsare, da asirin da kika rufa, da faɗan da kika yi mana wanda muka mayar abin dariya. Allah ya saka miki da alheri, ya tsare miki idon da ya rage, ya ba ki tsawon rai ki ga girman jikokin nan. Ki yafe mana sakacinmu.

Ku kuma 'yan uwana ma'aikatan makaranta, malami da akawu, mai shara da mai tuƙa motar yara, ku ɗauki amanarta da tsabtar aikinta, don irinta ba su da yawa. In sauyi ya zo wurin aiki, ku je ku tambayi mai abin, kada ku kwana da maganar ɗakin malamai. In likita ya sa muku rana, ku je a ranar. In gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Kafin ku kulle aji ku tafi hutun bana, ku zagaya bayan ginin, ku leƙa ɗakin da har yanzu ƙofarsa ke buɗe. Duk wanda kuka tarar a ciki, ku tambaye shi yaushe rabonsa da hutu, kuma kada ku tafi sai ya amsa.