Baba Bai Taɓa Tuƙa Jirgi Ba

Shekara goma sha tara ke nan da rasuwar Baba, kuma sai bana na san aikin da ya yi a yaƙin basasa. A unguwarmu Matuƙi ake ce masa, don ya yi sojan sama. Bai taɓa amsa sunan ba, bai kuma taɓa musawa ba. Mu 'ya'yansa muka ɗauki shirun nan muka gina labari a kai, har labarin ya biyo ni garin Woodbridge, nan Amurka.

Jikana Haisam ne ya tayar da zancen. Ya gama sakandare, ya ce sojan saman Amurka zai shiga, wai gadon gida ne. Uwarsa ta yi kuka. Ni ban iya kuka ba, sai na ce a nemo mini takardun Baba. Sai da na kusa shekara arba'in na shiga makarantar yaƙi da jahilci, kuma tun daga nan ba na yarda a karanta mini abu.

Ƙanena ya yi ta sintiri a ofishin fansho a Kaduna, ana ce masa babu wani Sale Isa, sunan Baba ke nan. Laifinmu ne. Sojan zamanin da garinsa ake rubuta shi, ba da ubansa ba. Da aka duba Sale Bakori, sai ga fayil.

Ashe Baba a ɓangaren asibiti yake. Idan jirgi ya dawo daga bakin daga, su ke sauke masu rauni da gawarwaki, su wanke cikin jirgin. Sai a lokacin na gane abin da ya sa duk mutuwar da aka yi a unguwa shi ake kira wankan gawa, ya dawo ya ƙi cin abinci.

Na zaunar da Haisam. Na ce, "Kai maigida, gadon naka bokiti ne da tsumma. Ka ji abin da jirgi ke dawowa da shi."

Ya daɗe yana kallon hoton fayil ɗin a wayata. Da Turanci ya amsa, kamar kullum: zai tafi, amma ɓangaren jinya zai nema.

Ban san ko Baba zai sa albarka ba. Na fi zaton tashi kawai zai yi, ya yi alwala. Abin da ya bari dai ba jarumta ba ce. Mutum ne da bai ƙyamaci gawar kowa ba. Yaron zai tafi watan gobe, kuma ban hana shi ba. Allah Ya jiƙan Sale Bakori.