Wanda Ya Harba Shi Ke Bin Jini

A gidanmu na unguwar Zahir a Makka, lokacin sanyi, kakata Iya Dije kan hura gawayi a kasko a saman soro bayan magariba. Ta ɗora shayi, mu jikoki mu kewaye ta. Da ƙafa ta zo Makka tana budurwa, kuma har ta rasu Larabcinta bai wuce na cefane ba. Idan muka sa mata baki da Larabci sai ta ce, "Ku ajiye min wannan a bakin ƙofa tare da takalmanku."

Yawancin tatsuniyoyinta na dariya ne. Guda ɗaya ce ba a dariya, ta Gambo maharbi.

Ta ce maharban garinsu suna da doka. Ba ka sakin kibiya sai ka matso har ka ga dabba tana kaɗa kunne, ka san namiji ne ko mai ciki. In ka harba ba ta faɗi ba, ba ka komawa gida. Za ka bi jini ko kwana nawa ne, har ka same ta ka yanka.

Sai Gambo ya samo wata bindiga mai cin nisa. Ran nan ya hango ɓauna a tsallaken kogi, kogin kuwa ya kawo. Ya ɗana, ya harba. Ɓauna ta durƙusa, ta miƙe, ta shige kurmi. Gambo ya dubi ruwa, ya saɓa bindigarsa, ya tafi gida ya ci tuwo.

"Kwana uku tana kwance a cikin ciyawa, ciwo yana ruɓa," in ji Iya. "Kusa da mashayar da matan ƙetare ke ɗiban ruwa."

Na ce, "Iya, wa ta kashe?"

"Wadda ta riga zuwa."

"Shi Gambo fa? Me ya same shi?"

"Ba komai, ɗan nan. Har ya tsufa bai san sunanta ba. Miƙo min kofin can."

A lokacin haushi na ji, domin a ganina tatsuniyar da mugu bai sha wuya ba ba ta ƙare ba.

Yau ina da shago a unguwar Rusaifa, ina sayar da kayan masu fita jeji: tanti, tulun sanyi, da madubin hange irin wanda ake ɗaura wa bindiga. Wani ma shi zai auna maka nisa, kai dai ka ja kunama. Ba zan yi ƙarya ba, irin waɗannan madubai su suka fi tafiya. Na sha karanta takardun izinin farauta na masu saye. Suna faɗin lokaci da abin da aka yarda a harba. Ban taɓa tambayar kowa daga ina yake harbi ba.

Asabar da ta wuce ɗana Mansur, magidanci mai 'ya'ya biyu, ya shigo shago yana murmushi. Sun fita bayan iyakar Harami da abokansa, da madubin da ni na ba shi.

"Baba, wallahi daga wannan dutse zuwa wancan. Harbi ɗaya."

"Me ka harba?"

"Wani abu ne ya motsa a gindin ƙaya."

"Ka je ka gani?"

"Akwai kwari a tsakani, Baba. Mota ba ta shiga."

Na san duwatsun nan, makiyaya na kai awaki. Na rufe shago, na ce ya shiga mota.

Sa'a biyu muka yi muna sauka da hawa a ƙafa, abin da harsashi ya ƙetare kafin ƙiftawar ido. A hanya na gane abin da Iya ke nufi. Nisa yakan ɓoye wa mai harbi abin da ya aikata, wani ne daban ke kwana da shi.

A gindin ƙayar muka tarar da jini ya bushe a kan tsakuwa. Akwai sawun awaki, akwai na takalmi, jinin kuma ya bi gangare zuwa wata bukka can nesa. Mansur ya tsaya cik.

Ya ce, "Wataƙila akuya ce."

Na ce, "Wataƙila. Wuce gaba, kai za ka yi sallama."