Nas ɗin da Ta Ƙura wa Wuyana Ido

Matso kusa ka ji, don abin nan ko na tsufa na rasa haƙora ba zai fita raina ba. Haihuwata ta fari ce, ina gidanmu a wani ƙauye bayan Kebbe, Innata na yi mini wankan jego. Ruwa mai zafi safe da yamma, kunun kanwa kuwa kwano cike. Ƙafafuna suka kumbura, in na kwanta numfashi ya tsaya mini a wuya, sai a zaune nake barci. Ban gaya wa kowa ba. Mai haihuwar fari ta buɗe baki ta yi raki? Abin kunya.

Ranar da muka kai jaririn rigakafi, wata nas ta karɓe shi, amma ni take kallo. Ba ma fuskata ba, wuyana. Inna ta ja mayafina ta rufe ni, tana tofa addu'a.

"Malama, mi kika nema ga wuyan ɗiyata? Yaro munka kawo."

"Inna, jijiyar wuyanta ce ta tashi. Ƙanwata, kina iya kwanciya miƙe?"

Wa ya gaya mata? Ta kama wuyan hannuna, leɓenta na motsi. Ta duba farcena, ta danna ƙaurina da yatsa, wurin ya lotsa kamar tuwo, ya ƙi tasowa. Inna ta raɗa mini, "Tashi mu tahi. Haka mayu ka lalaben kurwa." Wallahi ni ma na fara yarda, don matar ba ta ko murmushi.

Da ta ce zuciyata ce ta gaji, a kai ni asibitin Tambuwal yau, kuma a dakata da kanwa, Inna ta saɓa jariri ta nufi ƙofa. Nas ɗin ba ta yi gardama ba. Ta cire abin sauraren ƙirji ta maƙala wa Inna a kunne, ta ɗora a ƙirjin Inna. Sannan ta ɗora a nawa.

Inna ta daɗe tana saurare, sannan ta ce:

"Wagga zuciya ba tahiya takai ba, sukuwa takai."

A kan babur aka kai mu tasha, Inna na riƙe da ni tana cewa har yanzu idon matar nan bai kwanta mata ba. Na yi kwanaki a gadon asibiti kafin na iya kwanciya kamar mutane. Likita ya ce da mun ƙara jinkiri, da wata ce za ta goyi ɗana.

Tun ranar na gane jiki ba ya taya mutum ɓoye ciwo, kuma wanda ya tsare ka da ido ba lallai mugu ba ne. Kai fa, yaushe rabonka da ka dubi mai jegon gidanku da kyau, ba jaririnta kaɗai ba?