Saƙon da na gani a wayar Rukayya

Jiya na ari wayar 'yata Rukayya, sai ga saƙo ya shigo: "Ke ce crush ɗina."

A Turancin da na koya, crush murƙushewa ne. Wa ke son murƙushe min 'ya?

Na kira ƙanwata, malamar Turanci, na karanta mata. Ta yi dariya ta ce, "Yaya, kwantar da hankalinki. Sonta yake yi, bakinsa ne ya yi nauyi."

Sai na tuna marigayi baban su Rukayya. Shekara guda yana sayen soyayyen kifi wurin innata a kasuwar Haɗeja, bai taɓa ce min uffan ba. Sai bayan aurenmu na gano ko kifin ba ya ci.

Allah ya jiƙansa. Ku a zamaninku, me kuke kiran wannan ciwon?