Ranar da Baba Feda Ya Saki Sirdi

Shekara talatin da huɗu, rana ba ta cika riga Baba Feda isa shagonsa ba. Yakan ɗaga ƙofar ƙarfe, ya fito da benci, ya cika tsohon daro da ruwan neman hujin tiyub, ya rataya famfo a ƙusarsa. Sannan ya ɗauki tsintsiya ya zagaya baya, inda akwai wani fili mai ɗan gangare tsakanin katangar sito da shagon tela. Ba don ƙawa yake share filin ba. Ƙusa yake nema, da fasasshiyar kwalba da tsakuwa mai kaifi, domin ya san kafin hantsi gwiwar wani za ta sauka a wurin.

Gyaran keke ne sana'arsa, amma ba saboda faci ake jinjina masa ba, masu faci suna da yawa. Abin da ya yi wanda wasu ba su yi ba shi ne koya wa manya hawan keke: magidanta masu furfura, iyaye mata, mutanen da kunya ta hana su tambaya. Yaro in ya faɗi dariya yake yi ya tashi. Babba kuwa in ya faɗi, ba ciwon yake fara dubawa ba, waige yake yi ya ga wa ya gan shi. Shi ya sa Baba yake koyarwa a bayan shago, da sassafe, kafin titi ya cika.

Sunan ma daga aikin ya samo shi. Duk wanda ya turo kekensa ya ce koyo ya zo, sai Baba ya ɗauki sifana ya kwance feda biyun, ya ɗaure su da igiya ya jefa a durowa.

"Haba Baba! Na zo koyon tuƙi, ka kwance abin tuƙin?"

"Ba tuƙi ka zo koya ba, zama ka zo koya. Hau."

Sai ya sauke sirdi har tafin ƙafa biyu su zauna daram a ƙasa. Ka tura da ƙafa, ka ɗaga su, ka sauke, ka sake. Kafin wannan ma sai ka matsa birki ya fi sau ashirin kana tsaye, na baya tukuna sannan na gaba. Wanda ya zo da silifa, gida zai koma ya sa takalmi mai rufi. Mai wando burgujeje, a ɗaure masa bakin ƙafar dama kada sarƙa ta cafke. Hular kwano kuwa ba a yi masa gardama a kanta, kuma sai ya zura yatsu biyu ƙarƙashin haɓarka ya ji igiyar ta kama. Ranar da ka gangara filin nan ƙafafunka a sama ba ka taɓa ƙasa ba, ranar yake buɗe durowa ya mayar maka da fedarka.

A faɗi gaskiya, ba a haife shi da wannan haƙuri ba, kuma shi kansa ba ya son a yi masa ƙarya. Shekara ashirin da shida da suka wuce ya haɗa wa mai ɗakinsa keke da hannunsa, kore, marar sanda a tsakiya, da kwando da ƙararrawa, don ta riƙa zuwa duba mahaifiyarta ba sai ta jira mota ba. Ya ɗora ta a kai, sirdi a sama, ƙafarta ba ta kai ƙasa, ya tura ta ya ce ta tuƙa. Ta faɗi ta goge gwiwar hannu. Maimakon ya ɗaga ta, sai ya daka mata tsawa a gaban mutane: "Ke wace iri ce? Abin da yara ke yi ya gagare ki?" Ta kakkaɓe zaninta ta tafi gida.

Bayan ta tafi ya tsaya yana kallon keken, ya gane laifin ba nata ba ne. Ya sauke sirdin, ya kwance fedar, ya je ya ce mata ta dawo, ya samo dabara. Ta ce to, bari hannun ya warke. Hannu ya warke, hidima ta shiga tsakani, daga nan ciwo ya kwantar da ita. Bayan wata takwas aka yi mata sutura. Fedarta ce ta farko da ta shiga durowar nan. Ɗaruruwa sun shiga sun fita bayanta, ita tana can ƙurya. Keken kuma ya rataye shi a bangon ciki, duk shekara ya sauke ya sa masa mai ya mayar.

Baba Feda, kai ne wanda ya yi kuskure sau ɗaya, ka ƙi yafe wa kanka ta hanyar mantuwa. Da yawanmu mun yi wa na gida tsawar da ta fi taka muni, muka ci abinci muka yi barci. Kai ka mayar da taka nadamar aiki.

A bana zuciyarsa ta fara ba shi wahala. Likita ya ce ko guga kada ya ɗaga. 'Yarsa, wadda ita kaɗai Allah ya ba su, ta yanke magana: ƙarshen wata a rufe shago, ya koma gidanta. Saura kwana goma sai ga wata mace ta turo wani dogon keken maza, taya duk a sace. Ta kusa hamsin. Shara da goge-goge take yi a wani ofis, an kuma mayar da ofishin can bayan gari inda mota ba ta zuwa da wuri. Tafiyar awa biyu take yi a ƙafa. Shugabar aikinsu ta gaya mata a fili: daga farkon wata, in ta ƙara makara sau ɗaya, ta nemi wani aikin. 'Ya'ya huɗu ne a gabanta, keken kuwa na mijinta ne da ya rasu bara.

"Baba, an ce kai ne mai koya wa irinmu."

"An gaya miki daidai, amma an makara. Na rufe."

"To." Ta juya keken za ta tafi. Ba ta roƙa ba, ba ta yi kuka ba, ta dai tsaya ta kakkaɓe ƙurar da tayar ta shafa wa zaninta.

Tela, wanda ya ga abin ta tagarsa, ya ce bai taɓa ganin fuskar maƙwabcinsa ta canza haka ba.

"'Yar nan, dawo. Wannan keken ba naki ba ne, ko an sauke sirdin har ƙasa sandar za ta hana ki sauka. Tela! Bar ɗinkin nan da ba ka iya ba, zo ka sauke min abin da ke bango."

"Wanda ke bango?" in ji tela. "Dattijo, ka tabbata?"

"Kurma ka zama?"

Aka sauke koren keke. Aka rataye na mijinta a ƙusar da koren ya bari.

Kwana shida tana tura keke da ƙafa kafin ta kama hanyar aiki, Baba yana zaune a benci yana ba da umarni. Ya sa ta sa wando a ciki, ta tattare mayafinta ta cusa kada ya shiga taya. A rana ta uku ta zo tana ɗingishi.

"Baba, wallahi ko a kujera ban iya zama. Anya wannan abu na masu shekaruna ne?"

"Kowa ya sha wannan, mako guda ne ya wuce. Tambayi tela, shi har kuka ya yi."

"Ƙarya yake min, Yaya!" in ji tela daga taga. "Ƙura ce ta shiga idona."

Ta yi dariya, karon farko da aka ji dariyarta. Baba ya canza mata sirdi mai faɗi, ya daidaita shi kada ya karkata gaba, ya ɗaga kan keken kaɗan don ta daina zube nauyinta a hannu. "Saki kafaɗa. Kuma daina kallon taya, ba ta bin ki bashin gaisuwa. Kalli inda za ki."

A rana ta bakwai ta gangara filin ƙafafunta a sama. Baba ya shiga ciki ya buɗe durowa. Igiyar da ya ɗaure fedar marigayiya da ita ta ruɓe, tana taɓuwa ta tsinke. Ya goge su, ya shafa giris, ya ɗaura da kansa.

Nan abin ya tsaya. Ta ɗora ƙafa ɗaya, ta biyun ta ƙi barin ƙasa. Ta gwada, ta gwada, gumi ya jiƙa ta. Baba ya san wannan wurin, kowane babba yana cijewa a nan, kuma maganinsa ɗaya ne: wani ya riƙe sirdi ta baya ya bi da gudu. Tela ya ce shi zai riƙe.

"Kai za ka riƙe har gobe, ko ka saki tun ba a je ko'ina ba. Riƙon ba shi ne aikin ba. Akwai lokacin da sirdin ke yin sauƙi a tafin hannu, a nan ake saki. Ba ka san shi ba."

"Likita fa ya ce..."

"Likita ba ya nan."

Ba a ce ya yi daidai ba. Mai ciwo ya bi maganar likita, wannan shi ne hankali, kuma 'yarsa tana da gaskiya da ta yi fushi daga baya. Ana dai faɗin abin da ya faru ne. Ya tashi ya kama sirdin. Ya ce, "Ina riƙe da ke. Tuƙa." Taku biyar, taku goma, ƙirjinsa ya ɗaure kamar an ja igiya. Wajen taku na goma sha biyar ya ji abin da yake jira, sirdin ya yi sauƙi a tafinsa. Ya buɗe hannu. Sai ya zube zaune a ƙasar da ya share da safe.

Ita ba ta sani ba. Tana tafiya tana cewa, "Baba kar ka sake ni, don Allah kar ka sake ni," har ta kusa katangar sito. Ta matsa birki, na baya sannan na gaba, ta sauke ƙafa, ta waiwayo da murna. Sai ta hango shi can nesa a zaune, tela na tallafe da shi.

Da ɗan numfashin da ya rage masa ya ce, "Wa ya ce ki tsaya? Juyo."

Kwana huɗu ya yi a asibiti, shagon bai sake buɗewa ba. Daga kan gado ya aika tela, wanda shi ma tsohon ɗalibinsa ne, ya bi ta a kekensa sau biyu ta hanyar da motoci ba su da yawa, ya nuna mata miƙa hannu kafin kwana, ya kuma ɗaga mata sirdin kaɗan kada gwiwa ta yi ciwo. Ranar ɗaya ga wata ta riga mai gadi isa ofis.

Yanzu yana gidan 'yarsa, a wani ɗaki mai taga ɗaya, babu sifana, babu famfo, hannayensa sun yi fes har ba ya son kallonsu. Gidan ba a kan hanyar matar yake ba, amma kullum da sassafe takan zagayo ta buga ƙararrawa sau biyu ta wuce. Ƙararrawar da ya saya wa mai ɗakinsa ce, wadda ba ta taɓa ƙara a kan titi ba sai bana. Ran farko da ya ji ta, 'yarsa ta ce abin da ya faɗa shi ne, "Sarƙar tana son mai." Ya juya fuskarsa bango, ta fita ta ja masa ƙofa.

Kai ne mai share fili don faɗuwar wasu. Kai ne ka rufa wa manya asiri har suka koyi abin da suke jin kunyar cewa ba su iya ba. Babu takardar yabo a bangonka, babu wanda ya tara taro ranar da aka ja ƙofar shagonka. Mun gode, Baba Feda. Allah ya ba ka lafiya, ya jiƙan wadda ta riga ka.

Ku kuma da kuka iya wani abu, ko keke ne ko karatu ko ɗinki, ku dubi yadda kuke yi wa wanda bai iya ba, musamman na cikin gidanku. Ku sauke masa sirdi ƙafarsa ta kai ƙasa. In ya faɗi ku ɗaga shi, ku riƙe bakinku. Kada ku ce za ku gyara gobe. Baba ya samo dabarar tun ranar da ya yi tsawar, amma wadda ya samo dominta ba ta sake hawa ba.