Tsutsar da Ta Riƙe Baba a Gwarinpa

Ni ce 'yar fari a gidanmu, saboda haka Baba bai taɓa kiran sunana ba, kuma tun da na yi wayo bai taɓa yi mini magana kai tsaye ba. Idan yana son ruwa, ko da ni kaɗai ce a ɗakin, bango zai kalla ya ce, "A kawo ruwa." Ni ma bangon nake amsa wa. Haka muka taso, kuma ban taɓa ganin aibun wannan kunya ba sai shekarar da yanar ido ta rufe masa gani.

Da ƙyar da siɗin goshi ƙannena suka turo shi daga ƙauye zuwa gidana a Gwarinpa, nan Abuja. Likita ya duba ya ce aiki ne ɗan ƙarami, amma akwai layi, ya sa mana rana nan da 'yan makonni. Ya ƙara da cewa idan aka bar idon har wata shekara, shi ba ya yi mana alkawarin komai. Baba ya saurara tsaf. Muna dawowa gida ya fara ɗaure jakarsa. Damina ta ƙarato, in ji shi, gona na jira, kuma shi bai ga abin da ya sami idonsa ba. Wannan kam gaskiya ya faɗa, bai gani ba. A ranar da safe sai da ya yi wa firij sallama.

Na so in durƙusa in ce, "Baba, don Allah ka zauna, makancewa za ka yi." Amma da wane baki? Maigidana kuwa suruki ne, tsakaninsa da Baba gaisuwa ce a tsugune daga bakin ƙofa, sai kowa ya kama gabansa. Mutum ɗaya ce a gidan take iya gaya wa Baba magana son ranta, ita ce 'yata ta aji uku. Wasan jika da kaka ne tsakaninsu: yana ce mata amarya, tana ce masa tsoho mai ran ƙarfe, babu wanda yake raga wa wani.

A makon ne makarantarsu ta aiko kowane yaro da wani kwali, wai aikin gida na kimiyya. A ciki akwai kofin roba mai murfi da 'yan tsutsotsi baƙaƙe suna rarrafe a kan wani abinci mai kama da tuwon jiya, da wani ɗan keji na raga wanda in ka buɗe shi kamar gidan sauron jariri, da takardar bayani. Za a kiwata tsutsa har ta zama malam-buɗe-littafi. Ni da na girma ina tsince irinsu daga ganyen yakuwa ina jefa wa kaji, yau ga ni ina neman musu wurin da ba rana a falona.

'Yata ta ɗauki kofin ta nufi kakanta.

"Tsoho, zo ka ga 'ya'yana."

Ya kawo kofin har bakin hancinsa, ya daɗe yana leƙe. "Ke amarya, wannan ai tsutsa ce. Miƙo mini takalmina."

"Ka taɓa su ka gani, yau sai ka ba ni takardata."

"Shekara da shekaru ina yaƙi da dangin waɗannan a gonar masara, ashe su sun riga ni zuwa Abuja har an sa su a makaranta!"

Ta ce za su yi fiffike su tashi. Ya ce shi bai taɓa sanin tsutsa ta zama komai ba sai asara. Ta ce to in ba tsoro ba ya zauna har su fito. Ya ce ya zauna ɗin, ba zai bar gidan nan ba sai ta ƙarshe ta fito, a lokacin za a san waye maƙaryaci. Suka tafa. Ina kicin ina jin su, ludayi a hannuna, na ce Allah na gode maka da ka halicci tsutsa.

Murnata ba ta yi nisa ba. Da na karanta takardar bayanin sai na ga ƙwarin za su fito tun kafin ranar likita. Amma a can ƙasa an rubuta gargaɗi, cewa kada a ajiye su a wuri mai sanyi sosai, domin sanyi yana jinkirta su, zafi kuma yana gaggauta su. Wanda ya rubuta gargaɗin bai san shawara ya ba ni ba. Da tsutsotsin suka ƙoshi suka hau murfi, kowace ta rataye kanta ta naɗe cikin ɗan kwanso, sai na kwashe su zuwa kejin, na kai kejin ɗakin baƙi, na kunna iyakwandishan har ƙarshe.

Daga ranar na zama baiwar ƙwari. In an ɗauke wuta, janareta. A ofis mutane suna zancen ƙarin girma, ni ina waya gida ina tambaya ko ɗakin baƙi da sanyi. Maigidana ya yi haƙuri har ya gaji, ya ce, "Madam, ban gane ba. Mu muna kwana da mafici, tsutsa tana shan iyakwandishan?" Na ce masa ilimin yara ba abin wasa ba ne. Bayan kowace sallah sai in ɗaga hannu in roƙi Allah ya nauyaya wa halittunsa barci. Ban san ko akwai wadda ta taɓa kai irin wannan buƙata ba, amma ni na kai, kuma ban ji kunya ba.

Baba kuwa kullum da hantsi sai ya yafa bargo ya shiga ɗakin da rediyonsa, ya zauna gaban kejin yana zagin mazauna cikinsa, yana ce musu 'yan hutu, cima-zaune. Jakarsa na nan a ɗaure. Ya ma riga ya shirya da wani ɗan garinmu mai fataucin shanu a Dei-Dei, cewa duk ranar da ya shirya akwai wuri a gaban babbar motar da ke komawa gida ba kaya.

Saura 'yan kwanaki a yi aikin, taransifomar layinmu ta yi bindiga. Janaretan ya ja kwana biyu ya fara tari, sannan ya yi shiru. Mai gyara ya zo ya kwance shi a tsakar gida, ya goge hannu a wando ya ce, "Hajiya, wannan injin kin kashe shi da aiki. Sai na je kasuwa neman kaya, maybe jibi." Ga zafin Abuja na gab da ruwan farko, irin wanda mutum ke fitowa daga wanka yana gumi. Na sa tawul mai jiƙa a kan kejin, na tsaya ina yi wa ƙwari fifita, ni da digirina.

Da safe ihun 'yata ya tashe mu. Sun fito. Suna maƙale a raga, fikafikansu a yamutse kamar kayan da ba a goge ba, a hankali suna miƙewa, ruwan goro da baƙi da ɗigo-ɗigon fari. Suna da kyau, ba zan yi musu ƙarya ba. Amma ina jin a duk iyayen ajin ni kaɗai ce na kalle su na ji kamar in ɗauko tsintsiya.

Muka fitar da kejin bayan gida kusa da bishiyar lemo. 'Yata ta ɗora ɗaya a bayan hannun kakanta. Ya ce, "Ƙafarsa ba nauyi, kamar ta ɓarawo." Sannan ya tambaye ta wane launi ne. Abin yana kan hannunsa, tazarar taƙi ɗaya da fuskarsa. Nan dariyar ta ƙare mini. Baba ya ce to amarya ta ci, shi ne maƙaryacin, a kira masa mutumin Dei-Dei. Aka kira, aka ce mota za ta tashi bayan la'asar.

Bayan azahar ya fito da jakarsa ya ajiye bakin ƙofa, ya sa babbar riga. 'Yata tana naɗe kejin sai ta tsaya.

"Tsoho, saura ɗaya fa."

Na san da ita. Tun kwanaki ta yi baƙi ta motse, ta faɗo ƙasan kejin, ko takardar bayanin ta ce irin wannan a zubar. Baba ya miƙa hannu ta sa masa a tafi. Ya murza ta a hankali da yatsa biyu, ina daga bakin ƙofa na ji ta yi ƙaras kamar ɓawon gyaɗa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana murza iri ya san abin da ke da rai.

"Wannan ragon cikinsu ne," ya ce. "Da sauran barci a kansa. Mayar da shi, mu jira. Ni ba na barin magana rabi."

Ta mayar da shi da murna, ta ruga gaya wa babanta cewa tsoho ya fasa tafiya. Falon ya rage daga ni sai shi. Ya lallaba ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya juya ya fuskanci bango.

"A gaya wa likitan nan," ya ce, "ya bi a hankali. Ban taɓa kwantawa an sa mini wuƙa ba."

Na kalli bangon ni ma, na ce, "Za a gaya masa. Kuma za a tsaya a bakin ƙofa har a fito."